Gahawar da Baba Yake Ragewa

Baba ya daina cin abinci a tsakiyar bazara, lokacin da duk namijin da ke da ƙafa a garinmu yake kai taki gona. Ba rana ɗaya ya daina ba. Tuwo ya fara ajiyewa, sai fura, sai koko, kamar mai gida yana sallamar baƙi ɗaya bayan ɗaya. Malamin asibitin da ke zuwa mana a kan babur daga Shanono ya duba shi, ya ɗaga fatar bayan hannunsa ya saki, fatar ta tsaya ta ƙi komawa. Ya ja ni zaure ya ce ba wata cuta ce mai suna ba, shekaru ne, kuma jijiyoyinsa sun yi laushin da allurar ƙarin ruwa ba ta zama. Abin da zai riƙe shi yanzu, in ji shi, sai abin da ya bi ta maƙogwaro.

"Ko mene ne, Malam. In dai zai haɗiya, ku ba shi."

Ni ne ɗan farin Baba. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan yake nufi. Na haura sittin ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai kira ni sai ya ce "kai wannan", ko ya yi wani gyaran murya da duk gidan aka san nawa ne. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta mutanen da, kuma ni ma na mayar masa da ita daidai gwargwado. Na ƙare aikina ina koyar da kimiyya a makarantun sakandare, inda na saba in yi tambaya a ba ni amsa, ko da amsar ta wauta ce. A gaban Baba kuwa, har na yi ritaya, hirarmu ba ta wuce gaisuwa da "to" ba.

Akwai kuma wata ɗabi'arsa da dole in faɗa, don a kanta komai ya rataya. Baba ba ya kushe abinci. Malami ne, ya karanta hakan tun yana saurayi, ya riƙe shi fiye da yadda wasu ke riƙe gonar gado. In abinci ya yi masa ya ci, in bai yi masa ba ya tsame hannu, hamdalar kuma iri ɗaya ce a duka biyun. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta tsufa tana yi masa girki, ta koma ga Allah ba ta tabbatar ko yana son miyar kuɓewa ba. An taɓa kawo masa tuwon da kananzir ya taɓa garinsa. Ya yi loma biyu, ya sa albarka, ya koma kan littafinsa. Akuyar da aka zuba wa ragowar ce ta fi shi fitowa fili, ta sansana ta juya baya.

Gahawa kuwa ta shigo gidan ne ta hannun 'yata da ke aiki a birni. Da na ajiye aiki ta kawo mini kaya a kwali: mazurari na tangaran mai tsaga-tsaga a ciki, ƙunshin takardun tacewa, ɗan injin niƙa na hannu, da ƙwayar gahawa a leda. Ta nuna mini yadda ake sa takarda a mazurari, a zuba gari, a riƙa tsiyaya ruwan zafi a kai har ya gama ɗiga cikin kofi. Ta ce zai ɗebe mini kewar aji. Ya kuwa ɗebe, don aiki ne mai ƙa'idoji da yawa, kuma babu ɗalibin da zai yi gardama. Kullum da hantsi nakan hura gawayi a gindin darbejiyar da ke kusa da ƙofar ɗakin Baba, in yi abina. Mutanen gari sun saka wannan cikin tabon da boko kan bari a jikin mutum, tare da karanta jarida a gaban jama'a.

Ran da abin ya fara, Baba ya kwana shida ba abin da ya shiga cikinsa sai kurɓin ruwa. Ƙanwata ce ke jinyarsa. Mijinta ya rasu, ta dawo gida, ta shimfiɗa tabarmarta a bakin gadonsa. Da safen nan hannun injin niƙana ya karye. Na damƙi ƙwayar gahawa na miƙa mata, na ce ta daka mini sama-sama, kada ta yi laushi. Ta dawo mini da gari baƙi luƙui kamar kwalli. Raina ya ɓaci, na yi komai a fusace. Na ɗebo ruwan randa, yana tafasa na sauke na kwarara a kai ban jira ya huce ba. Garin ya toshe takarda, ruwan ya tsaya a mazurari yana ɗiga kamar ana roƙonsa.

Ina tsugune ina harararsa sai na ji gyaran muryar nan daga ɗaki.

"Kai wannan. Mene ne ke ƙamshi?"

"Gahawa ce, Baba."



"A ɗan sam mini."

Ƙanwata ta karɓi kofin, ta jefa sukari, ta tallafo kansa. Ya sha. Ta kalle ni, na kalle ta, ba wanda ya yi magana don kada ya tuna cewa ba ya cin abinci. Ta janyo kwanon kunun gyaɗa da ƙafa, tana saƙala masa cokali tsakanin kurɓi da kurɓi. Cokali bakwai na ƙirga. Ya shanye kofin tas, ya yi hamdala, har ya tambayi ko an yi wa jakin maƙwabci maganin ciwon bayansa.

Da na fito na ɗanɗani ɗan abin da ya ƙarasa ɗiga a mazurari. Ɗaci, nauyi, da wani yaji-yaji a maƙogwaro wanda na ɗauka ƙuna ce ta ruwan da ya yi zafi da yawa ya kuma daɗe a kan gari. Kunya ta kama ni. Sau ɗaya a rayuwa mahaifina ya roƙi wani abu a hannuna, na ba shi mafi munin gahawar da na taɓa yi. Nan take na yi lissafi: in ya shanye marar kyau tas, mai kyau kofi biyu zai sha, kunu kuma ya ninka. Lissafi ne mai tsabta, irin wanda da ɗalibi ya kawo mini zan ba shi maki. Shi ya cinye mana kwana goma sha ɗaya.

Ranar ban zauna ba. Na kai injin wurin maƙeri ya ɗora masa sabon hannu. Na sa ya matse bakin ƙaramar tukunyar shayi da awartaki, don ruwa ya riƙa fita siriri kamar zare. Da na dawo na tsayar da ƙanwata a ƙofar madafa na yi mata darasi. Na ce turmi ba ya ba da niƙa daidai, wani ya yi gari wani ya yi tsaki. Na ce gahawa tana ɗaukar warin duk abin da ta taɓa, saboda haka ko kusa da kayan yaji kada a ajiye ta. Na ce ran Baba ne a cikin kofin nan, ba wurin ganganci ba ne.

Ta sunkuyar da kai. "To, Yaya Malam."

Tunda na san ba zan sami amsa daga bakin Baba ba, sai na nemi amsa daga kofinsa. Na fere tsinke, duk lokacin da aka fito da kofin in tsoma shi in ga iyakar abin da ya rage. Na ɗauko tsohon littafin darasi na ja layuka: laushin niƙa, zafin ruwa, yadda aka zuba, ragowa. Abu ɗaya zan canza kowace rana, kamar yadda na yi ta faɗa wa ɗalibai har muryata ta dishe, domin in ka canza biyu ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Da niƙa na fara. Na saita injin ya ba ni gari mai ɗan tsaki-tsaki kamar yashin rafi. Ruwa ya bi ta ciki salin-alin, ɗacin nan ya ragu. Baba ya rage kamar faɗin yatsa ɗaya, ya sha kunu cokali biyar. Na ce jiya yunwar kwana shida ce ta sa shi, yau ne ainihin ma'auni.

Kashegari na gyara zafi. Ruwa ya tafasa na sauke, na ƙirga arba'in kafin in zuba. Ya rage yatsa ɗaya da rabi. Rana ta uku na jiƙa takardar da ruwan zafi tukuna na zubar, don a kawar da warin takarda. Rana ta huɗu na bar ruwan randa, wanda ke da ƙamshin ƙasa da ɗan gishiri-gishirin rijiyarmu, na koma ruwan leda. Daga nan na koyi jiƙa garin da ruwa kaɗan in jira ya kumbura ya yi ƙwai-ƙwai kamar ƙullun waina, kafin in ci gaba. Na koyi zuba ruwa daga tsakiya ina kewayawa zuwa gefe a hankali, ba tare da na taɓa takardar ba, sau uku, da hutu a tsakani. Sukarin ma na hana, na ce yana rufe ɗanɗano.

Gaskiya gahawar ta yi kyau. Wannan shi ne abin da har yau nake jin nauyin faɗa. Ta fito garau, ja-ja, kana hango gindin kofi, da ɗan tsami mai daɗi a gefen harshe wanda 'yata ta ce shi ne alamar ƙwaya mai daraja. Ban taɓa yin irinta ba kafin nan, ban kuma sake ba. Tsinkena kuwa kullum sai ƙara jiƙewa yake. Yatsa biyu. Yatsa uku. Kunu ya bi sahun gahawa, don ba ya buɗe baki ga cokali sai in kofin na kusa: huɗu, uku, biyu.

Rana ta bakwai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa a bakin gadon na tambaye shi kai tsaye.

"Baba, yaya aka ji ta yau?"

"Alhamdu lillahi."

"Ko ta yi ɗaci?"

"Allah ya yi albarka."

"Ko tsami ne ya yi yawa? In an faɗa mini zan gyara."

Ya juya fuska wajen bango, inda allunansa ke jingine.

"Kai wannan, an kai taki gonar gabas?"

"An kai, Baba."

"Madalla."

Iyakar binciken ke nan. Na sha yi wa sufetocin makaranta gardama, na taɓa mayar wa wani babban jami'i takardarsa da jan biro a kan kurakuran rubutu, amma ban iya yi wa tsohon da bai kai nauyin buhun gero ba tambaya ta huɗu ba.

A kwanakin nan jikinsa ya yi ta tafiya a gabanmu. Zoben azurfarsa ya fara zamewa, ƙanwata ta cire ta ƙulle a bakin zane. Leɓɓansa suka tsage. Idanunsa suka koma ciki, kunnuwansa suka yi kamar sun ƙara girma. Sallah ta koma ta ishara. Zafin bazara ya cika ɗakin, kwanon rufi yana ƙara kamar ana taka shi, ƙanwata na fifita da mafici har hannunta ya sage ta sauya. Masu dubiya suna shigowa daga gona da ƙurar taki a ƙafa, su ce yaya jiki, mu ce da sauƙi, shi ma in ya iya ya ce da sauƙi, su ce ai kuwa ga alama nan. Duk garin muka haɗu muna yi wa juna ladabi a kan mutumin da ke bushewa.

Ni kuma ina waje da littafina. Da ragowar ta ƙaru sai na yanke cewa har yanzu akwai sauran ɗaci, harshen marar lafiya kuma ya fi na mai lafiya jin sa. Na ƙara buɗe niƙa. Na ƙara jiran ruwa ya huce. Wato na ga hanya tana nisantar da ni daga gida, sai na ƙara sauri. Rana ta goma ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai. Kunu ko cokali.

Rana ta goma sha ɗaya Juma'a ce. Da hantsi 'yata ta bugo waya irin wadda ake ganin fuska. Na faɗa mata halin da ake ciki a taƙaice, na ji muryarta ta karye, sai ta share ido ta gyara ɗankwali ta ce in kai ta wurinsa. Ita da Baba abokan wasa ne tun tana rarrafe, kamar kowace jika da kakanta. Abin da ni ban isa in faɗa masa da kai a sunkuye ba, ita takan faɗa masa tana tafa hannu. Na riƙe masa wayar a gaban fuska.

"Ina angon nawa? Tsoho, buɗe ido, amaryarka ce."

Ya buɗe ido a hankali. "Wace ce? Mai gudun nan ta birni?"

"Ni ce. An ce ka daina cin abinci wai don na ƙi tarewa. To ka ci ko kada ka ci, ni na riga na yi sabon saurayi, mai haƙora talatin da biyu."

"Allah ya ba shi haƙuri," in ji Baba. Muryar kamar ana jan kara a ƙasa, amma tasa ce. "Zai auri macen da ba ta iya dafa ruwa ba."

"Ni? Gahawar da ake ba ka kullum wa ya aiko da ita? Ni na koya wa Abba da hannuna."

"Ashe ke ce."

"Ni ce mana."

"To na fasa auren. A mayar mini da goro na."

Ta yi dariya tana hawaye. "Laifin me na yi, angona?"

"Mace ta aiko wa mijinta gahawa ɗanya, ba a ƙona ta ba, ba citta, ba sukari, ana hango gindin kofi. Wannan ai jiƙon zoɓo ne." Ya tsaya ya nemi numfashi. "A Sudan, muna tsinkar auduga a hanyar Makka, akwai wata tsohuwa da ke dafa mana a bakin gona. Baƙa ƙirin, citta na kama maƙoshi. Da ta ga gahawarki, ƙafa za ta wanke da ita."

"Kai, tsoho! Duk ba a taɓa yi maka mai kyau ba?"

"Sau ɗaya aka yi ta mutane a gidan nan. Ranar farko. Daga nan aka koma boko."

Dariya ta taso masa ta zama tari, ƙanwata ta ɗago shi tana shafa bayansa. Da ya lafa sai ya yi istigfari sau uku, ya ce wa wayar, "Wasa nake, kin ji. Abinci duk na Allah ne." Bai kalle ni ba ko sau ɗaya, ko da yake hannuna ne ke riƙe da wayar.

Na san Baba ya je Makka ta ƙasa tun kafin a haife ni. Duk garin an sani. Amma ban taɓa sanin ya tsinki auduga ba, balle abin da ya sha a bakin gonar. Maganar da ya yi a minti biyun nan ta fi duk wadda ya yi mini a shekara, kuma ba da ni yake ba.

Na fito na sami ƙanwata ta riga ni zuwa madafa, ta tsaya ta ba ni baya.

"Citta," na ce. "Daga ina citta ta shiga ta ranar farko?"

Ba ta juyo ba. "A ƙaramin turmi na daka maka. Na gama dakan citta da kanumfari na kunu ke nan, ban wanke ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka ce ko kusa da kayan yaji kada a ajiye ta. Ka ce ran Baba ne. Na ɗauka ɓarna na yi, Allah ya rufa asiri. Kwana biyu ina kankare turmin da toka."

"Kina gani yana ragewa kullum, ba ki yi tunanin..."

Sai ta juyo. Tunda aka haife ta ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido ba sai ranar.

"Na yi tunani, Yaya Malam. Tun rana ta uku na yi. Na zo zan faɗa, na tarar da kai da tsinke da littafi kana ƙirga arba'in, ka ɗaga mini hannu kada in katse ka. Wa ke katse malami? Kai ka tambayi niƙa, ka tambayi ruwa, ka tambayi takarda. Ni da na daka ka tambaye ni?"

 Ɗan aji biyu ya san cewa in gwaji ya ba da sakamako mai kyau, abu na farko shi ne a maimaita shi yadda yake, kafin a taɓa komai. Na koyar da wannan fiye da yadda zan iya tunawa. Ban yi shi ba don dalili ɗaya: gahawar ranar farko ba ta yi wa harshena daɗi ba, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa ba harshena ake jinya ba.

Muka yi aikin tare, ita a gaba ni a baya. Ta ɗora kasko a wuta ta zuba ƙwayar, ta yi ta juyawa da ludayi har ta yi baƙi ta fara naso, hayaƙi ya cika madafar. Duk abin da 'yata ta biya don a kiyaye a cikin ƙwayar nan muka ƙona shi da gangan. Ta ɓantari busasshiyar citta da ƙwayar kanumfari biyu ta jefa a turmi tare da gahawar, ta daka luƙui. Takarda da mazurari dai na bar su, don ko ɗan gari ya shiga maƙogwaron Baba tari zai sarƙe shi. Na ɗebo ruwan randa, yana tsalle a tukunya na zuba, ba ƙirga, ba kewaye. Garin ya toshe takardar kamar ranar farko, na bar shi ya yi ta ɗiga a son ransa. Da ya gama na mayar da abin da ya ɗiga cikin tukunya ya sake zafi, na sake bi da shi ta kan garin. Ta fito baƙa, mai kauri, ba a ganin komai a cikinta. Ƙanwata ta zuba sukari ba ta dube ni ba.

Tun muna bakin ƙofa hancinsa ya motsa. Ta tallafo shi, ya kai baki da kansa. Ya sha kusan rabi, a hankali, kowane kurɓi sai ya yi kokawa da shi kafin ya wuce. Kunu cokali uku. Ya yi hamdala, irin wadda ya saba, ya rufe ido.

Ran Asabar ya sha fiye da rabi, kunu cokali huɗu. Na fita bayan gida na tsaya a bakin gona ina kallon tarin taki jere-jere har iyakar gani, na ƙyale kaina na yi tsammani. Har na fara tunanin ko gobe a gwada masa farfesu.

Ran Lahadi ya ji ƙamshin, ya buɗe baki tun kofin bai iso ba. Ya kurɓa, ya riƙe a baki. Muna kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, abin ya ƙi wucewa. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Daga baya gahawar ta biyo gefen bakinsa ta gangara cikin gemu, ƙanwata ta goge da gefen mayafinta. Ya sake buɗe baki. Sau uku muna yi, sau uku tana dawowa. Yana so, wannan ba shakka. Hanyar ce ta rufe. Na tashi zan fita, ina cewa ko a ƙara mata ruwa ta yi sauƙin wucewa, ko a bari ta ɗan huce.

"Zauna, Yaya Malam," in ji ƙanwata. "Ba sauran abin gyarawa."

Na zauna. Ta yagi auduga ta tsoma a kofin tana shafa masa a leɓe, yana tsotsa kaɗan-kaɗan kamar jinjiri. Haka muka wuni, haka muka yi da safen Litinin. Bayan azahar ya cika, ana karanta masa kalmar shahada, leɓɓansa na bi.

Kafin magariba mun kai shi. Maƙabartarmu 'yar ƙarama ce, gonaki sun matse ta ta kowane gefe, sai da masu ɗauke da makara suka yi ta kauce wa tarin takin mutane. Ƙasa ta yi tauri, masu haƙa sun sha wuya.

A kwana na biyu na zaman makoki malamin asibitin ya zo ta'aziyya. Da jama'a suka ɗan ragu na matsa kusa da shi a kan tabarma, na ba shi labarin duka, ban rage komai ba. Na tambaye shi, a matsayinsa na wanda ya san aikinsa: da Baba ya yi kwana goma sha ɗayan nan yana shan kofi guda da kunu cokali bakwai, da maƙogwaron zai rufe a lokacin da ya rufe?

Ya juya makullin babur a hannu.

"Haba Malam. Kwana ne ya ƙare. Ko me aka ba shi, haka za a yi. Kun yi iyakar ƙoƙarinku."

Na yi masa godiya, na raka shi har bakin zaure. Yaron kirki ne, ɗan gidan mutunci, an koya masa abin da ake faɗa wa mutum a zaman makokin ubansa. Ban san wani likitan da zan tambaya ba wanda ba a yi masa irin wannan tarbiyya ba.